Sarƙar Gwaggo

Ungulaye ne suka nuna mana inda take. Ni da Manaja muka bi su da ƙafa daga inda mota ta ƙi gaba, kuma tun kafin mu isa wari ya gaya mini abin da zan tarar. Gwaggo ce kwance a gefen wani busasshen rafi, an sare mata fuska an cire hauren biyu. Shekara goma sha bakwai ina bin giwar nan. Na san yagewar kunnenta na hagu, na san yadda take jan ƙafar baya idan ta gaji. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Aikina ke nan a gandun daji, bin sawun dabbobi, har sunana ya ɓace, kowa Sawu yake ce mini. Gwaggo kuwa ita ce uwar garken giwaye talatin da ɗaya da suka rage mana. Mu muka sa mata wannan suna saboda faɗanta, don ko ɗan giwa ya yi ɓarna ko motarmu ta matsa kusa, sai ta buɗe kunnuwa ta wanke mu tas. Masu ba mu tallafi daga ƙasar waje suna da nasu sunan da suke kiranta, wanda har yau harshena ya ƙi ɗauka.

A wuyanta akwai abin da muke kira sarƙa, ko da yake ba ta yi kama da ta mata ba. Ɗamara ce mai kauri, faɗinta ya kai tafin hannu biyu, da wani akwati a jiki mai aika labari ta tauraron ɗan'adam. Duk inda Gwaggo ta taka sai wani jan ɗigo ya motsa a taswira. Masu tallafi suna kallon ɗigon a wayoyinsu can ƙasarsu, su san ba a banza suke ba da dukiyarsu ba. Mu kuma a nan, idan ɗigon ya kusanci gonaki, sai wayoyin manoman da ke bakin daji su ɗauki ƙara, saƙo ya shigo cewa giwaye na kusa. Tunda garke ba ya rabuwa da uwarsa, sarƙa ɗaya ta ishe mu.

Manaja ba ta yi kuka ba. Likitar dabbobi ce kafin a ba ta shugabancin gandun, ta saba da gawa. Ta ɗaure hancinta da gyale, ta zaro wuƙa ta yanke ɗamarar, ta jawo ta gefe. Sai ta tsaya tana kallon ƙaramar fitilar akwatin tana ƙyaftawa.

"Malam Sawu, tana aiki," in ji ta.

"To ta yi ta yi. Mai ita ta tafi."

"Ka saurare ni. Saura mako uku kwamitin masu tallafi su zauna su yanke ko za su ci gaba da mu. Bara mun rasa giwa biyu, suka ce saura ƙiris su janye. Idan suka ji wannan yanzu, shi ke nan, sun tafi. Babu mai, babu sintiri, masu gadi ashirin da shida kowa ya kama gabansa. Kai ka sani, kafin damina ta zagayo ba za a bar ko ɗaya a garken nan ba."

Na gane inda ta dosa tun ba ta ƙarasa ba, raina ya ɓaci. Na ce, "Ranki ya daɗe, ni kike so in zama giwa?"

"Mako uku kawai. Idan sarƙar ta yi kwana ɗaya cur ba motsi, da kanta za ta aika musu cewa dabbar ta mutu. Ba wanda ya san tafiyar Gwaggo kamarka. Da zarar sun sa hannu, ni da bakina zan gaya musu."

Na zage ta a zuci, ba zan ɓoye ba. Amma na duba maganarta ta kowane gefe ban ga ƙarya a ciki ba, ƙaryar tana cikin abin da take so in yi ne kawai. Na ce zan ɗauka bisa sharaɗi ɗaya, duk inda garken yake nan zan kasance da sarƙar, don wayoyin manoma su ci gaba da faɗin gaskiya. Ta ce ta yarda. Muka wanke ɗamarar da omo har sau uku, warin bai fita ba, muka cusa ta cikin jakar baya.

Akwai dalilin da ya sa na kafe a kan sharaɗin nan. Surukina, uban matata, gonarsa ce ta ƙarshe a ƙauyen kudu, daga ita sai daji. Baba mutum ne mai taurin kai, kuma yana da gaskiyarsa, domin sau biyu giwaye suna cinye masa masara a dare ɗaya. Da can shi ne kan gaba wajen cewa a zuba musu guba a kankana a huta. Da aka kawo tsarin waya, shekara guda na yi ina masa zarya. Ya ce shi ba zai ba ƙarfe amanar ransa ba. Na ce to ya ba ni. Na ce, "Baba, in dai wayarka ba ta yi ƙara ba, ka tafi gonarka hankali kwance, ni na tsaya maka." Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "To, ɗana, na ji." Da ya yarda, ƙauyen duka suka bi. Tun daga nan shi ne mai yawo gida gida yana duba ko kowa ya yi cajin wayarsa.

Haka na fara aikin giwa. Kada wani ya ce abu ne mai sauƙi. Jakar tana da nauyin ɗan akuya, kuma ba a yarda in hau babur da ita ba, don giwa ba ta gudun babur. Sai in tako a hankali, in tsaya inda suka tsaya cin ganye, in zauna a inuwa idan rana ta take, in gangara ruwa da yamma. Kafin magariba sai in rataye ta a reshen bishiya kusa da garken, in tafi inda na ɓoye babur, in koma gida, da asuba in dawo. Sauran masu gadi an ce musu ina wani binciken sawu ne na musamman. Direbanmu kullum sai ya tsokane ni, wai ko zinariya na haƙo nake goyo.

Matata tela ce, shagonta a ƙofar gidanmu yake, kuma idonta ba ya barin komai ya wuce, ko zare ɗaya ya karkace sai ta gani. Rana ta huɗu ta ɗaga rigata da yatsa biyu ta ce, "Baban yara, da mushe kake kwana a dajin nan ne?"

"Aiki ne."

"Aikin ne ya saɓa maka kafaɗu haka? Zo in gani."

Ta shafa mini mai, tana mita, wai tsufa ya zo mini amma na ƙi ba shi wurin zama. Na yi dariya don ta bar maganar. Sau nawa na buɗe baki zan gaya mata, sai in tuna 'yar wane ce, in haɗiye. Abin yana cina, abinci ma ba na jin daɗinsa.

Abin da ban lissafa ba shi ne halin da garken zai shiga. Giwayen nan sun rikice. Da Gwaggo tana nan, ita ke cewa a tashi, ita ke cewa a tsaya. Yanzu 'yarta babba ta ja gabas, ƙanwarta ta ja yamma, ƙanana suna ta kuka a tsakiya. Sau uku suna komawa inda ƙasusuwanta suke, su tsaya shiru suna taɓa su da hanci. Ina laɓe bayan suri da sarƙarta a bayana, wata rana iska ta juya, 'yar ta ɗaga hanci ta nufo ni kai tsaye. Ba faɗa ta zo yi ba, ƙanshin uwarta ta ji. Na ja da baya da rarrafe, ina jin kaina kamar ɓarawon da ya sa rigar mamaci ya zo gidan makoki.

A mako na biyu suka rabu gida biyu na kwana uku. Na rasa wanda zan bi. Na bi masu yawa, ina addu'a kada 'yan kaɗan ɗin su nufi gonaki. Allah ya taimaka suka sake haɗewa. Na je ofis na sami Manaja na ce na gaji, a faɗi gaskiya kowa ya huta.

Ofishin ɗaki ɗaya ne, da fanka mai ƙara da babban allon taswira a bango, jan ɗigon yana tsaye daidai bishiyar da na rataye jakar. Manaja ta rame, idanunta sun faɗa. Ba ta yi mini gardama ba, sai ta juyo mini da kwamfutarta ta nuna mini hoton wata tsohuwa fara, siririya, a kan gadon asibiti, da waya a hannu.

"Ita ce shugabar kwamitin," in ji ta. "Tsohuwar malamar makaranta ce. Ita ta bi tsofaffin ɗalibanta ɗaya bayan ɗaya har aka sayi sarƙar nan. Jiya ta rubuto mini, ta ce tun da aka yi mata aiki, abin da take fara dubawa kullum da safe shi ne ina giwarta ta kwana."

Na ce, "Kin ga wannan ma ya ƙara muni."

"Na sani. Saura kwana biyar, Malam Sawu."

Wallahi da tsohuwar nan mai girman kai ce da na fi samun sauƙi. Na so in tsane ta, ita da ke kwance can tana kallon ɗigo ni ina nan ƙaya na yagar ƙafata, amma ban samu ta inda zan kama ba. Na yi tsaki na fita.

Sai ga maganar tafki. Akwai wani tafki da masu tallafi suka haƙa mana a arewacin gandun, da famfo mai aiki da hasken rana. Tun da aka gama shi Gwaggo sau ɗaya ta taɓa shan ruwansa, ita ta fi son tsohon rafinta. Manaja ta ce ranar Laraba da safe za a yi taron ƙarshe ta bidiyo, za a nuna taswira ga kwamitin duka. Tana so su ga ɗigon a bakin tafkinsu.

"Garken yana kudu," na ce. "Ba haka muka yi da ke ba."

"Nisan su da gonaki?"

"Tafiyar yini guda, in sun miƙe."

"Sun taɓa miƙewa a kwanakin nan? Kai ka ce mini zagaye kawai suke yi. Ka kai sarƙar tafki ranar Talata, Laraba da hantsi an gama taro, ka juyo. Kwana ɗaya da rabi."

A nan ne ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Ba ta tilasta ni ba, ba ta ce za ta kore ni ba. Ni na san giwa fiye da ita, ni ya kamata in ce a'a. Amma na gaji, ina so a gama, kuma na gaya wa kaina masarar Baba ba ta nuna ba tukuna, ba abin da zai ja su. Na manta da kankanar da ya shuka a gefe. Na ce to.

Ranar Litinin na kai babur kusa da tafkin na ɓoye, direba ya dawo da ni. Talata tun da sassafe na goya jakar na juya wa garken baya, na nufi arewa ina tafiyar Gwaggo, ina tsayawa ina cin ganyen da ba na ci. Rannan ban koma gida ba, a ɗakin mai gadin famfo na kwana. Laraba da safe na zagaya tafkin sau biyu a hankali, na zauna a bakin ruwa da jakar a bayana, ina tunanin ga tsofaffi can sun zuba wa allo ido suna murna. Kwana goma sha tara ke nan da mutuwarta.

A kan tudun tafkin waya tana samun layi sosai. Ina zaune ta yi ƙara, na ga matata ce.

"Baban yara, kana ina?" Muryarta ba ta rawa, kuma wannan ne ya sa gabana ya faɗi.

"Ina daji. Lafiya?"

"Giwaye sun taka Baba. Ya je gona da sassafe ya tarar da su a cikin kankana. Muna ɗakin shan magani na ƙauye. Ka zo."

Ban san lokacin da na isa wurin babur ba. Na tayar da shi na bi hanyar sintiri da ta ratsa gandun daga arewa zuwa kudu, ina gudu ba ji ba gani, rassa suna dukan fuskata. Wayata tana ta rawa a aljihu. Na leƙa sau ɗaya na ga Manaja ce, na ce a raina ta tafi can da taronta. Ta kira ya fi sau goma ban ɗauka ba. Tunanina ɗaya, in tarar da shi da rai.

Ɗakin shan maganin yana bakin ƙauye, gini ne mai ɗaki biyu da baranda da wata bishiya a gaba. Jama'a sun cika wurin, maza a tsaye, mata a zaune a ƙasa, wasu samari riƙe da adduna suna magana sama sama. Tun ina nesa na ga wani abu ya faru. Mutane suka fara laluben aljihu. Ina matsowa na ji ƙarar, irin wadda na sani sarai, tana tashi daga nan, daga can, daga ko'ina, wayoyi fiye da hamsin a lokaci ɗaya.

"Ga su nan sun dawo!" wata mata ta yi ihu.

Wuri ya hargitse. Mata suka suri yara, wani tsoho ya faɗi aka tattake masa hula, samari suka juya wajen daji da addunansu. Ni ma, don wauta, na taka birki na waiga ina neman giwaye. Babu komai a bayana sai ƙurar babur ɗina. Sai a lokacin na ji igiyoyin jakar suna cin kafaɗuna. Kwana goma sha tara tana bayana, har na daina jin ta, na taho da ita tun daga tafki.

Na kashe babur na sauka. Mutane suna ta dube dube, wasu sun hau katanga, suna cewa ba su ga komai ba. Wani maƙwabcin Baba ya riƙe ni ya ce, "Yawwa, ga ma'aikacin daji. Malam, ta wace hanya suke? Da safe da suka zo wayoyin nan ko tari ba su yi ba, yanzu kuma ga ƙara babu giwa." Na zame hannuna na hau baranda.

Matata tana bakin ƙofa, zanenta duk jini, wayarta tana ƙara a hannunta. Ba ta gudu ba, ba ta dubi daji ba. Ni ta duba, ta dubi jakar, ta ja numfashi, warin nan da ta yi kwana goma sha tara tana wankewa a rigunana ya kai mata. Ta miƙa hannu ta zuge zif ɗin da kanta. Ƙaramar fitilar tana ƙyaftawa. Ta san sarƙar, hotonta yana manne a bangon ɗakinmu, ni da Gwaggo ranar da aka ɗaura mata.

"Tun yaushe?" ta ce, a hankali.

Na gaya mata. Ta matsa gefe ta ba ni hanya, ta kawar da kai yadda ake yi wa baƙo.

Ɗakin yana warin magani. Baba yana kan gadon ƙarfe, an naɗe masa ƙirji, ƙafarsa ɗaya a karkace ƙarƙashin mayafi. Ma'aikaciyar jinya tana ƙoƙarin danne shi, tana cewa kada ya motsa, haƙarƙarinsa a karye suke, ana jiran mota a kai shi babban asibiti. Shi kuwa ya ƙi. Wayarsa tana kan kujera kusa da kansa, fuskarta a fashe, tana ƙara kamar sauran. Yana ta kokawar tashi a kan gwiwar hannu, gumi yana zubo masa.

Da ya gan ni sai fuskarsa ta saki. "Ɗana, gara da ka zo," in ji shi, numfashinsa yana yankewa. "Ka ji ta ko? Tana aiki. Da safe ni ne ban ji ba, kunne ya tsufa, kada ka bari su ce laifin wayarku ne. Maza ka fita ka ce a shigar da yara, giwayen suna kusa. Kuma ka hana samarin nan, kada su taɓa ko ɗaya."

Na sauke jakar a ƙasa. Na durƙusa a gefen gadon na riƙe hannunsa, yana da sanyi, ƙasar gona tana nan a faratansa. A waje hayaniya ta fara canza salo, na ji muryar maƙwabcin yana tambayar matata me ta gani a jakar.

"Tashi mana," Baba ya ce. "Me kake jira?"

Na ce, "Baba, ka kwanta. Babu giwa. Ni ne."